Katakon Bara, Katakon Ƙwallo



Akwai wani ɗan katako da kowa a garin nan ya sani, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba. Faɗinsa bai wuce na babban faranti ba, an kafa masa ƙananan tayoyi a ƙasa. Mutum ya zauna a kai, ya naɗe ƙafafu, ya zura silifa a hannu biyu, ya riƙa tura ƙasa yana tafiya. Muna ganinsa a Terminus, muna ganinsa a bakin Masallacin Juma'a, muna ganinsa a Bauchi Road idan motoci sun cunkushe. A idon yawancinmu wannan katako alamar bara ce kawai. In ka hango shi, ko dai ka laluba aljihu, ko ka kau da kai kamar ba ka gani ba.

To, a shekarar 1988 wani mutumin Kano mai suna Misbahu Lawan Didi, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami, ya dubi wannan katakon ya ga abin da sauran mutane ba su gani ba. Ya tara 'yan uwansa guragu, aka kafa raga biyu a kan daɓen siminti, aka jefa ƙwallo a tsakiya, aka ce kowa ya buga da hannu. Wasan da ake kira para-soccer ke nan, kuma a ƙasar nan aka haife shi, ba daga Turai aka kawo mana ba. Yau jihohi suna da tawagogi, ana kuma shirya gasa a lokacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, wato 24 ga Oktoba. Wanda bai taɓa kallon wasan ba, don Allah ya sa yaronsa ya nemo masa a waya. Wallahi gudun da suke yi a kan katakon nan, da yadda mutum zai yi kwana a wuri ɗaya, ya kife, ya mirgina, ya koma kan katakonsa kafin ka ƙifta ido, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske. Katakon dai shi ne, tayoyin su ne, silifan ma su ne. Abin da ya canja shi ne wanda ke zaune a kai ya daina kallon aljihun mutane, ya koma kallon raga.

Wannan ne ya sa da yarana suka nuna mini wani Bature ɗan Kanada yana zamiya a kan dusar ƙanƙara alhali yana zaune, abin bai zo mini baƙo ba. Su can dutsensu ƙanƙara ke rufe shi fari fat a lokacin sanyi, ba irin tamu ta Jos ba da ke zubowa tare da ruwan sama ta fasa kwanon rufi ta lalata wa manoma kabeji, ta narke kafin la'asar. Suna ɗaura dogayen katakai a ƙafa su gangaro daga saman dutse da gudun da ya kai na mota. Sunan mutumin Josh Dueck. Mai koyar da wannan wasa ne, da ƙafafunsa lafiya lau. A shekarar 2004 ya yi tsalle ya zarce inda ya kamata ya sauka, ya karya ƙashin baya, daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya mutu. Ya koma kan keken guragu. Sai kuma ya koma dutsen, a cikin wata kujera da aka kafa a kan katako ɗaya, da gajerun sanduna biyu a hannu yana dogarawa. A 2010 ya ci lambar azurfa a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a ƙasarsu, a 2012 ya yi alkafura a sama da wannan kujera, abin da ba a taɓa ganin wani ya yi ba kafinsa, a 2014 kuma ya ci zinariya a Rasha.

Ita alkafurar, gaskiya ba zan ce ta burge ni ba. Mutumin da Allah ya bar masa rabin jiki ya sake ɗaukar rabin ya jefa sama, ni a karatuna wannan ya fi kusa da ganganci, kuma da ɗana ne da na hana shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar farko da ya koma. A kai ka saman dutsen da ya karya ka, ka leƙa gangaren, ka san sarai abin da ya yi maka, sannan ka saki jiki. Duk lambobin da ya ci daga baya, a wurina, ba su kai nauyin wannan ranar ba.

Domin akwai bambanci tsakanin wanda ya tashi da nakasa da wanda ta same shi da rana tsaka. Ba ina cewa ta wani ta fi ta wani sauƙi ba, Allah ya kiyaye. Amma yaron da shan inna ta kama yana shekara biyu, jikin da ya sani ke nan, da shi ya koyi duniya. Shi kuwa wanda ya shekara talatin yana tafiya da ƙafarsa, ya yi dako, ya buga ƙwallo, ya tsaya a sahu, sai rana ɗaya ya farka a gadon asibiti ya ga zanen ya kwanta a inda ya kamata ƙafa ta tokare shi, wannan kullum yana auna yau da jiya. Kuma irinsu ba su da wuyar samu a garin nan. Bama-bamai biyun da suka tashi a Terminus ranar 20 ga Mayu 2014 sun kashe mutum fiye da ɗari. Ranar 5 ga Yuli 2015, cikin azumi, aka kai hari masallacin 'Yan Taya ana tafsiri, da wani gidan abinci a Bauchi Road. Ga rikicin 2001, ga na 2008, ga na 2010. Kowane lokaci ana ƙirga gawa, a yi jana'iza, a yi zaman makoki, a watse. Waɗanda suka fita da rai amma babu hannu, babu ƙafa, ko da ƙarfe a cikin jiki, su ba mai ƙirga su. Suna nan a cikin ɗakunan lungunanmu. Ban da waɗanda titi ke karyawa kullum, su ma ba sa shiga labarai.

Bari in ba ku labarin ɗaya, da izininsa, amma ba zan kama suna ba. Waɗanda suka san shi sun san shi.

Yaron mota ne, yana bin babbar mota mai ɗaukar tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa kudu. Wata rana birki ya tsinke musu a Hawan Kibo. Direba ya rasu nan take, Allah ya jiƙansa. Shi kuma ƙafarsa ta hagu ta karye, ƙashi ya huda fata ya fito. An kai shi asibiti, aka faɗi kuɗin aiki, dangi suka duba aljihu suka duba juna, aka ɗauke shi cikin dare aka kai shi wurin wani mai ɗori a ƙauye. Aka ɗaure ƙafar tamau da karare. Yana kuka yana cewa ɗaurin ya yi tsanani, ana ce masa ya yi haƙuri, namiji ba ya raki. Bayan kwana tara yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Da aka mayar da shi asibiti, abin da ya rage wa likita shi ne ya yanke daga ƙasan gwiwa don a ceci ransa.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ya shafi kowane gida. Ni ba na zagin masu ɗori, sana'a ce ta gado, kuma da yawanmu sun gyara mana targaɗe mun tashi. Amma karayar da ta zo da buɗaɗɗen rauni, ko wadda aka ɗaure sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka daina jin taɓi ko suka fara sauya launi, wannan ta wuce gidan ɗori. Alama ce jini ba ya kaiwa, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Haka nan wanda mota ta buge ya ce ba ya jin ƙafafunsa ko bayansa na ciwo, don girman Allah a daina naɗe shi ana cusa shi a Keke kamar buhun dankali. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, a kwantar da shi miƙe, a riƙe kansa da wuyansa kada su motsa. Taimakon da aka yi da gaggawa ba da sani ba ya sha ƙarasa abin da hatsari ya fara.

To, yaron nan ya dawo gida. Gidan da ya kai kuɗin gaisuwa suka aiko aka mayar masa da kayansa. Wata bakwai bai leƙo ƙofar gida ba. Abokansa suka yi zuwa na sati biyu, suka ɗauke ƙafa, ba don mugunta ba, kowa da abin da ya dame shi. Nakan shiga wurinsa bayan la'asar idan na taso daga kasuwa. Yawanci ba ya magana, ni ma ba na matsa masa da wa'azi, domin wanda ke cikin irin wannan hali ya ji kalmar haƙuri har ta ishe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai wata rana, ina shirin tashi, ya ce: "Baba Liman, ina da tambaya. Ita ƙafar da babu, yaya zan yi da ita a alwala?"

Na ce masa: "Ɗana, abin da aka wajabta wankewa daga idon sawu ne zuwa ƙasa. Tunda wurin ya tafi, wajibcin ya tafi tare da shi. Ka wanke ta dama, alwalarka ta cika, ba ta da gibi ko kaɗan. Sallah kuma in tsayuwa ta gagara ka zauna."

Ya yi shiru, sannan ya ce: "To a miƙo mini buta."

Na fito daga gidan nan zuciyata wasai, domin mutumin da ya fara tambayar yadda zai yi alwala gobe ya riga ya yanke shawarar zai kai goben. Bayan sati uku ya fito da sanduna biyu. Bayan wata biyu ya koma Farin Gada. Dako ya gagara, amma yaron yana da lissafi, kuma ya san kowane direba da kowane dillali. Wasu 'yan kasuwa uku suka haɗa masa jari, ya fara sayen kwando biyar, goma, yana haɗawa da lodin wasu. Ranar da kaya suka yi masa yawa har ya ga dole ya raka su da kansa, sai ya hau gaban mota, aka bi da shi ta Hawan Kibo. Ya gaya mini tun daga Riyom gumi ke karyo masa duk da sanyin da ake yi, bakinsa bai daina salati ba har suka sauka ƙasa. Wannan yaro ba wanda ya ɗauke shi a hoto, ba wanda zai rataya masa zinariya, amma ni ban ga abin da Baturen Kanada ya fi shi da shi ba.

Mu da muka yi Islamiyya muna da irin wannan labari tun kafin a san wani abu wai shi gasa. Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya yi tafiya zuwa Sham wurin halifa Walidu ɗan Abdulmalik. Ciwo ya kama ƙafarsa yana ci yana hawa, irin dai abin da ya sami yaronmu. Likitoci suka ce sai an yanke. Aka kawo masa abin da zai gusar masa da hankali don kada ya ji zafi, ya ƙi sha. Aka yanke yana ambaton Allah. A cikin tafiyar nan kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu. Masu tarihi sun kawo cewa da ya tashi magana, lissafin abin da aka bar masa ya yi: gaɓoɓi huɗu an ɗauki ɗaya an bar uku, 'ya'ya ma an ɗauki ɗaya an bar saura. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi. Lokacin da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, waɗanda suka zauna ƙirga abin da wuta ta ci, da yawansu ba su sake tashi ba. Waɗanda suka tashi su ne suka ƙirga abin da ya rage a gida da bashin da suke bin mutane, suka shimfiɗa tabarma a bakin titi.

Amma abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba a labarin Urwatu shi ne abin da ya biyo baya. Ya koma Madina da ƙafa ɗaya ya ci gaba da karantarwa har ya rasu. Duk wanda ya buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik zai yi ta cin karo da hadisan da Hishamu ya karɓo daga mahaifinsa, to mahaifin nan shi ne Urwatu. Mutanen Madina ba su ce masa tunda ƙafa ta tafi ya koma gefe a riƙa kai masa sadaka ba. Sun ci gaba da zama a gabansa da allunansu. Haka Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa: ladanci aka ba shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Aiki aka ba shi, aiki mai nauyi.

Turawa ma sai da suka daɗe kafin su gane wannan. Kafin yaƙin duniya na biyu, wanda ya karya ƙashin baya yawanci ba ya daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe shi. Wani likita mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus zuwa Ingila, aka ba shi sashen masu irin wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Ya kafa doka cewa kowane majinyaci sai an juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada fata ta ruɓe. Masu jinyar tsoho ko mai shanyewar jiki a gida su riƙe wannan, kyauta ne, ba ya buƙatar ko sisi. Sannan ya tilasta musu motsa jiki da wasa. Ranar 29 ga Yuli 1948 ya tara mutum 16 a kan kekunansu suka yi gasar harbin baka a filin asibitin. Daga wannan ɗan taro aka kai ga gasar nakasassu ta duniya, wadda aka fara a birnin Rum a 1960.

Kuma a wannan gasa ce Najeriya ke fita kunya. A 2024 a Faris, 'yan wasanmu masu lafiya sun je sun dawo hannu rabbana, ko lambar tagulla babu. Nakasassunmu suka je bayansu suka kawo lambobi 7, biyu daga ciki na zinariya. Ɗaya daga cikin masu zinariyar, Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos ce. Tana kwance ta ɗaga kilo 167, ta kafa tarihin duniya. Wanda ke sayar da hatsi ko siminti ya lissafa: buhun siminti uku ke nan da ɗori, mace ɗaya, da ƙarfin hannu da ƙirji. Akwai kuma wani soja, Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙin Boko Haram a 2020. A 2023 ya je Jamus gasar Invictus, wadda Yarima Harry na Ingila ya kafa domin sojojin da suka ji rauni, ya ci zinariya a ɗaga nauyi. Shekara uku kacal tsakanin yankan ƙafa da zinariya.

Ba ma sai mun je Jamus ba. A garin nan Ayuba Gufwan yake, ɗan Filato, wanda shan inna ta kwantar tun yana yaro, ya yi shekaru yana rarrafe kafin ya sami keke ya koma makaranta, har ya karanta shari'a a Jami'ar Jos da ke nan maƙwabtanmu. Tun 1999 shi da wani fasto Ba'amurke suka fara ƙera kekunan guragu masu taya uku a Jos suna rabawa kyauta, kuma sun raba dubbai. Kirista ne, kuma in ka bincika kekunan da ke yawo a unguwanninmu na Musulmi za ka tarar da nasa a ciki. Na faɗi wannan ne da gangan, domin a garin da aka shata wa kowa iyakarsa, har mai Keke kan tambayi fasinja inda za shi kafin ya yarda ya ɗauka, ya kamata a san wanda ya tsallaka iyakar da alheri. A 2024 aka naɗa shi shugabancin hukumar nakasassu ta ƙasa. Ita hukumar, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ce ta kafa ta. Dokar ta hana nuna wa nakasasshe bambanci, ta hana a yi amfani da shi wajen bara, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Shekara biyar ɗin sun cika sun wuce. Kowa ya duba ofisoshin da yake shiga ya ba kansa amsa.

Amma kafin mu nuna gwamnati da yatsa, mu dubi inda muke da iko. Zakkar da ake fitarwa a anguwar nan ba kaɗan ba ce. Sai dai yadda ake yi da ita, a canjo sababbin kuɗi a tara mutum ɗari a ƙofar gida kowa a ba shi abin da ba zai kai shi jibi ba, wannan ba ya fitar da kowa daga kan katakon bara. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara. Mutum uku ne fa suka tsayar da yaron Farin Gada da ƙafarsa, yau shi ma yana ɗaukar yara aiki. Wani ƙafar roba yake buƙata, ana yin ta a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, abin da ya hana shi kuɗin mota ne da na aikin. Wani keken ɗinki, wani teburin gyaran waya. Sannan maganar aure: iyayen da za su ba mashayi 'yarsu don yana da ƙafa biyu, su hana mai sana'a mai sallah don yana da ɗaya, su sake tunani.

Sai maganar da ta sa na ɗauki biro tun farko, wato masallacinmu na lungu inda nake jan sallah idan babban liman ba ya nan. Matakala biyar ne daga titi zuwa ƙofa, an lulluɓe su da tayil mai santsi. Da damina ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Yaron da na ba ku labari yana hawa da sandunansa, sau biyu yana zamewa a gabana. Akwai dattijon da ya shekara arba'in a sahun farko, shanyewar ɓarin jiki ta same shi, yanzu daga ɗakinsa yake jin kiran sallah yana hawaye. Akwai mai keken guragu da ke tsayawa a waje bakin kwata ya bi jam'i daga nan, ko ana ruwa ko ana hunturun Disamba, kuma kun san hunturun Jos. Yanzu kwamiti ya tara kuɗi, ana shawarar a ƙara tsawon hasumiya a sa mata fitilu masu launi. Na kawo shawarar a fara yin gangare, wato hanyar da keke zai hau ba tare da an ɗauki mutum kamar kaya ba.

An kawo uzuri biyu, kuma waɗanda suka kawo su mutanen kirki ne, don haka zan amsa da mutunci. Na farko, wai tayar keke tana taka najasa, za ta ɓata shimfiɗa. Alhazai da ke cikinmu su faɗi gaskiya: a Harami ba ku ga ana tura mutane a keke ana ɗawafi da su, ana Safa da Marwa da su ba? Masallacinmu ya fi Ka'aba tsarki ne? Manzon Allah kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi a hajjin bankwana. Mazhabarmu kuma ta yi rangwame a kan taɓon hanya na damina. In ana son ƙarin natsuwa, a ajiye tsumma da bokiti a bakin ƙofa a goge taya, a shimfiɗa leda a gefe ɗaya na sahu, magana ta ƙare. Na biyu, wai su nawa ne, kuma ai shari'a ta ɗauke musu zuwa jam'i. Gaskiya ne an ɗauke musu. Amru ɗan Jamuhu ma gurgu ne, an ɗauke masa fita yaƙi, 'ya'yansa suka so su hana shi zuwa Uhudu, ya kai ƙara wurin Annabi, aka ce su ƙyale shi, ya je ya yi shahada. Rangwame haƙƙin mai uzuri ne, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari. Ba a ba mu shi don mu rufe masa ƙofa da shi ba. Batun su nawa ne kuwa, ba za mu sani ba sai an yi gangaren, domin wanda ya san ba zai iya hawa ba ai ba ya zuwa balle a ƙirga shi. Kuma duk wanda Allah ya ja kwanansa a cikinmu, gwiwarsa za ta kawo shi kan wannan layi.

Na sa wani birkila ya auna. Tsayin matakalan ƙafa biyu da rabi ne. Ƙa'idar magina ita ce kowace ƙafa ɗaya ta tsayi a ba ta ƙafa 12 ta tsawo, in ba haka ba gangaren zai yi tsaye ya kifar da mai keke ta baya, gara ma babu. Ke nan muna buƙatar ƙafa 30, kuma akwai wurin idan aka bi ta gefen arewa aka rufe kwata da sulab. Kada a sa tayil, a bar simintin da kaushinsa, a kafa ƙarfen dafawa. Wurin alwala ma a gina mazauni ɗaya mai tsayi da famfo kusa da hannu. Kwamiti zai zauna ranar Asabar ta farkon wata bayan sallar Isha'i, kuma na roƙi a bar waɗanda abin ya shafa su yi magana da bakinsu, za mu fito da tabarma waje don kada matakalan su hana su halartar zaman da ake yi a kansu. Birkilan ya ce aikin hannunsa kyauta ne. Yaron Farin Gada ya yi alkawarin buhun siminti biyu. Saura yashi, da tsakuwa, da rodi, da mai walda.